Sharhi a kan asibitin kuɗi mai rubuta maganin wiwi a Ingila, domin iyalan masu sikila a Zariya

Asibitin da nake sharhi a kansa ba a Zariya yake ba, ba ma a Najeriya ba. A Ingila yake, kuma sana'arsa guda ɗaya ce, wato duba marasa lafiya da rubuta musu magungunan da aka sarrafa daga tabar wiwi, a kan kuɗi. Dalilin da ya sa na ga ya dace masu karatu a nan gida su ji labarinsa shi ne, tun da na dawo daga jinyar ƙanwata, wadda take fama da sikila kuma take aiki a can, iyaye daga Samaru da Tudun Wada da Sabon Gari suke tambayata ko gaskiya ne Turawa sun gano maganin sikila a cikin wiwi, har wasu suna roƙon a aiko musu da kwalba ɗaya domin 'ya'yansu. Wanda ya taɓa kwana a tsaye a kan yaro yana murƙususu saboda ciwon ƙashi ba zai ga laifin mai wannan tambaya ba, amma amsar tana buƙatar bayani dalla-dalla.

Tun ranar 1 ga Nuwamba, 2018, dokar Birtaniya ta yarda likita ya rubuta irin waɗannan magunguna, bayan surutun da ya tashi a ƙasar a kan wasu yara biyu masu farfaɗiya mai tsanani, a lokacin da Sajid Javid yake ministan cikin gida. Sai dai ba kowane likita aka ba wannan izini ba. Dole ne ya kasance cikin rajistar ƙwararru, don haka likitan iyali na unguwa ba ya iya fara rubutawa da kansa. Dokar kuma ta hana a naɗa ganyen a sha kamar taba ko da likita ne ya rubuta shi, sai dai ta wasu hanyoyi kamar mai da ake ɗigawa a baki ko turirin da wata na'ura take fitarwa.

Ƙanwata ta fara neman maganin ne ta hanyar gwamnati, domin a can ne fayil ɗinta yake, kuma likitocin jini na asibitin gwamnatin yankinsu su ne suke kula da ita tun zuwanta ƙasar. Ciwon da ya dame ta ba irin wanda yake tashi farat ɗaya ba ne kawai. Ƙashin ƙugunta ya lalace saboda jini ba ya isa gare shi sosai, abin da yake yawan samun manyan masu sikila, ta yadda ciwo ya zama abokin zamanta dare da rana, ga mofin, maganin ciwo mai ƙarfi da take sha, ya sa mata taurin ciki da nauyin jiki a wajen aiki. Likitar jinin ta saurare ta da kyau, ba ta nuna mata ƙyama ba, amma ta gaya mata a fili cewa ba za ta iya rubuta mata ba, kuma ta faɗi dalili. Hukumar NICE, wadda take tsara wa asibitocin NHS, wato na gwamnati, irin magungunan da za su bayar, ta fitar da ƙa'ida a watan Nuwamba na 2019 cewa kada a ba da magungunan wiwi domin ciwon da ya daɗe, saboda shaidar da aka samu daga gwaje-gwaje ba ta kai ta biya kuɗin da za a kashe ba. Abin da ta amince da shi kaɗan ne: Epidyolex ga wasu nau'o'in farfaɗiya masu wuyar magani kamar Dravet da Lennox-Gastaut, da Sativex ga sanƙarewar tsoka da wata cutar jijiyoyi take haddasawa, sai nabilone ga masu amai saboda maganin cutar daji idan sauran magunguna sun gaza. Sikila ba ta cikin wannan jeri. A ganina likitar ta yi daidai, domin ta faɗi iyakar abin da yake hannunta, sannan ta tura ta asibitin kula da ciwo da kuma likitan ƙashi, ko da yake layin ganin su biyun yana da tsawo.

Wannan giɓi ne asibitocin kuɗi suka shigo suka cike, kuma mafi yawan takardun maganin wiwi da ake rubutawa a ƙasar a hannunsu suke fitowa. Wanda ƙanwata ta zaɓa yana da rajista da CQC, hukumar da take sa ido a kan asibitoci a Ingila, kuma wannan shi ne abu na farko da muka bincika kafin a biya ko sisi. Shiga cikin tsarinsu ba ta da wahala ko kaɗan. Ta cike takarda ta intanet, ta nemi taƙaitaccen tarihin lafiyarta daga wurin likitan iyali ta tura musu, domin sharaɗinsu shi ne mutum ya nuna ya gwada aƙalla magunguna biyu na asibiti ba su biya masa buƙata ba. Ba a yi mako biyu ba aka ba ta ranar ganin likita, alhali a ɓangaren gwamnati ana maganar watanni ne. Idan sauri mutum yake nema, to a nan sun ci yabo.

Ganawar farko ta bidiyo aka yi ta, tana zaune a falo da filo a bayanta, ni kuma ina gefe da izininta. Likitan ƙwararre ne a fannin kula da ciwo, kuma na yaba da tambayoyinsa. Ya tambayi ko akwai mai taɓin hankali a danginmu, ko ta taɓa jin muryoyi ko ganin abin da babu shi, ko tana da juna biyu ko tana shirin samu, ko tana da ciwon zuciya, ko tana tuƙi. Ya bayyana cewa sinadaran da ake magana a kansu biyu ne: CBD, wanda ba ya sa maye, da THC, wanda shi ne yake juya kai kuma yake iya tayar da taɓin hankali ga mai saurin kamuwa. Da ta ambaci cewa ta taɓa kwanciya saboda ciwon ƙirji na sikila, nan take ya cire maganar turiri, ya ce mai kawai zai rubuta mata. Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi mata alƙawarin warkewa ba. Ya ce maganin ba ya gyara jini, ba ya hana ciwo tashi, kuma kada ta kuskura ta daina shan maganin sikilarta na hydroxyurea ko ta rage mofin ba tare da sanin likitocin jininta ba. Bayan an kashe wayar ta juyo ta ce mini, "Yaya, ko barci kawai ya ba ni, na gode wa Allah."

Bayan 'yan kwanaki ɗan aike ya kawo ƙunshin har ƙofa, kuma sai da ta sa hannu aka miƙa mata. A ciki akwai ƙaramar kwalba mai duhu, da sirinji marar allura mai layukan awo ƙanana, da takardar da aka manna a jikin kwalbar ɗauke da sunanta da sunan kantin maganin da adadin kowane sinadari a cikin kowace mililita. An umarce ta da ta fara da ɗan mitsitsi a ƙarƙashin harshe da dare, ta riƙe shi a baki na ɗan lokaci kafin ta haɗiye, sannan ta riƙa ƙarawa a hankali bayan kwanaki, tana rubuta yadda take ji a wani littafi. A makon farko ta yi fama da bushewar baki da jiri idan ta miƙe da sauri. Daga baya barcinta ya gyaru ƙwarai, ta daina farkawa tsakar dare tana neman ruwan zafi a gora, kuma da yardar likitar jininta ta ɗan rage mofin na dare. Wannan amfani ne na gaske, kuma ba zan rage masa daraja ba.

Amma da sanyi ya shigo, ciwon ya tashi mata kamar yadda ya saba, a baya da cinyoyi, har ta kasa taka ƙasa. A wannan dare asibitin kuɗin ba shi da abin da zai yi mata, domin ba shi da gado, ba shi da ɗakin gaggawa, ba shi da jini, layin wayarsa ma na lokacin aiki ne. Motar asibitin gwamnati ce ta zo ta ɗauke ta, a can aka sa mata ruwa da iskar numfashi da allurar ciwo, aka auna jininta, kuma ba a miƙo mana takardar biyan kuɗi ba da aka sallame ta. Duk wanda yake kwatanta ɓangarorin biyu ya kamata ya riƙe wannan a ransa: ɗaya yana ɗauke da cutar baki ɗayanta, ɗayan kuwa kwalba guda yake sayarwa tare da shawarar yadda za a sha ta.

Kuɗi shi ne babban aibin wannan hidima. A Ingila, tun daga 2024, mai karɓar magani da takardar NHS yana biyan fam 9.90 a kan kowane magani, komai tsadarsa, kuma akwai takardar shekara ta fam 114.50 da take ɗauke wa mai shan magunguna da yawa nauyi. A asibitin kuɗin kuwa, ana biyan ganawar farko, ana biyan ganawar bibiya, ana biyan maganin, kuma abin da ƙanwata take kashewa a wata ya ninka kuɗin takardar gwamnati fiye da sau goma. Da yake maganin yana cikin waɗanda doka ta tsaurara, ba a rubuta fiye da na kusan wata ɗaya a lokaci guda, don haka biyan ba ya yankewa. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kantin da yake kawo maganin yana da alaƙa da asibitin da yake rubuta shi, kamar mai hatsi ne yake auna maka da nasa mudun. Ban ga an cuce ta ba, amma tsari ne da yake buƙatar mai saye ya buɗe ido, kuma sai da muka tambaya kafin aka gaya mana tana da damar kai takardarta wani kanti.

Akwai kuma sakaci da bai kamata a yi shi a kan mai ciwo irin nata ba. An taɓa sanar da ita cewa man da ta saba da shi ya ƙare, aka musanya mata da wani mai ƙarfi daban, ta koma lissafin awo daga farko. Ganawar bibiya gajeru ce, kuma ba kullum likita ɗaya take samu ba, sai ta sake ba da labarin da yake rubuce a fayil. Wasiƙar da suka ce za su aika wa likitocinta na gwamnati ta yi jinkiri sosai, har ta kai ga ita ce ta ɗauki kwalbar a jaka ta nuna musu da hannunta. Ga mai shan mofin, wanda shi ma yake sa barci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta fuskar addini, ba ta fara sha ba sai da muka nemi fatawa daga wani malaminmu a cikin birni, wanda ya yi bayani a kan ƙa'idar larura, da sharaɗin cewa amintaccen likita ne ya rubuta, babu wani magani mai tsarki da ya biya buƙata, kuma ba a wuce gwargwado ba. Ya ja kunne cewa wannan hukunci nata ne ita kaɗai a halin da take ciki.

Ga 'yan uwana na Zariya masu neman a aiko musu, amsar ita ce ba zai yiwu ba, kuma ba zan yi ba. Wiwi haramtacce ne a dokar Najeriya, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana kama mai shigo da shi ko da a sifar mai ne, kuma takardar likitan Ingila ba ta da wani ƙarfi a filin jirgin Kano ko na Abuja. Gaskiya ne Lesotho ta fara ba da lasisin noma shi domin magani a 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021, kuma marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kira a bi sahu, amma shugaban NDLEA Buba Marwa ya tsaya a kan ƙin amincewa da halatta amfani da shi a cikin ƙasa, dokar kuma ba ta canza ba. Abin da wasu suke tallatawa a WhatsApp da sunan man wiwi ba a san abin da yake cikinsa ba, babu awo, babu likita, kuma hayaƙin ganyen da matasa suke sha haɗari ne ga huhun mai sikila. Ko a Amurka, wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2020 a kan masu sikila bai nuna bambanci mai ƙarfi wajen rage ciwo ba tsakanin waɗanda suka shaƙi maganin da waɗanda suka shaƙi na bogi. Uban da yake da kuɗin kwalba ɗaya, gara ya kai ɗansa sashen jini na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a duba ko hydroxyurea ya dace da shi, a tsara masa maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kuma a raba shi da allurar pentazocine ta kemis, wadda ta jefa masu sikila da yawa a ƙasar nan cikin dogaro da ita da gyambon da ba ya warkewa.

Hidimar wannan asibiti ta dace da babban mutum mazaunin Ingila, mai albashin da zai ɗauki biyan wata-wata, wanda ba shi da tarihin taɓin hankali, kuma wanda likitocinsa na gwamnati suka san abin da yake sha. Ƙanwata tana nan tana karɓar man, amma ta yanke shawarar cewa da zarar an yi mata aikin canjin ƙugu da take jira a asibitin gwamnati, za ta zauna da likitar jininta su duba ko akwai sauran dalilin ci gaba da biya.