Jirgi marar inji a sararin Maraɗi

Tun ina yaro a Bagalam nake kallon shirwa tana shawagi da tsakar rana, ba ta kaɗa fiffike amma sai ƙara sama take. Sai da na zauna gaban Microsoft Flight Simulator, wasan kwamfuta na kwaikwayon tuƙin jirgin sama, na ji abin a hannuna.

A Nuwamban 2022 masu wasan suka ƙara jiragen da ba su da inji. Na ɗauki ɗaya daga cikinsu mai suna LS8-18, na sa ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, wani jirgi ya ja ni daga filin jirgin Maraɗi, ya sake ni. Da farko sai gangarowa nake, har na fara neman gonar da zan sauka. Kwatsam fiffiken dama ya ɗaga, jirgin ya girgiza, na'urar auna hawa da sauka ta kama kuka da sauri. Na karkata wajen, na shiga zagaye kamar shirwar nan. Wallahi sai ga allurar tsawo tana hawa! Rana ce ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi kamar hayaƙi, ni kuma ina cikinta. Da na buɗe zagayen da yawa sai na faɗa gefe, inda iska ke sauka, ta tura ni ƙasa. Bisa tafkin Madarumfa kuwa shiru, don ruwa ba ya ɗaukar zafi da sauri kamar faƙo. Washegari na gwada da sassafe, ban sami komai ba, kuma haka ya kamata: shirwa ma sai hantsi take hawa.

Abin da ya ɓata mini rai sandar tuƙi ce. Wanda ya sayar mini ya rantse sabuwa ce daga Kano, ashe tana ja hagu da kanta. Cikin iska mai girgiza ba ka iya bambance motsin sama da laifin sanda, kuma wannan bambancin shi ne dukan aikin. Na mayar masa, ya ce mini: "Alhaji, an riga an buɗe kwali." Ga rezo: taswira da yanayi na kai tsaye ta intanet suke zuwa, in ya yanke sai gari ya koma dishi-dishi. Sau biyu kuma aka ɗauke wuta ina tsakiyar hawa, na tashi na bar ɗakin da takaici.

Na ba wani ƙanena saƙon wata sandar daga Yamai. Ranar da ta iso, hanyar Tibiri zan fara bi.