Tukunyar gugguru mai hannun juyawa, bayan wata 6 a hannuna

Tun ina yarinya a garin Tawa nake son gugguru, lokacin da kakata take zuba yashi mai tsabta a kasko, ta ɗora bisa murhu har ya ɗau zafi, sannan ta watsa tsaba ta yi ta gaurayawa da sakaina, mu kuwa muna tsugune muna tsintar waɗanda suka yi tsalle suka faɗo ƙasa. Har yanzu da aure ya kawo ni Yamai, da wuya mako ya wuce ban yi shi a gida ba. Shi ya sa da na ga tukunyar da aka ƙera musamman domin wannan aiki a wani shago kusa da Babbar Kasuwa, ban daɗe ina ciniki ba, na biya jaka 12 na ɗauko ta.

Tukunyar ta alminiyam ce, tana cin kamar lita 6. A jikin murfinta akwai hannu da ake juyawa, shi kuma yana tafiyar da wani siririn ƙarfe da ke share gindin tukunyar, irin dabarar da ke cikin injunan masu sayarwa a bakin titi, waɗanda asalinsu injin da Charles Cretors ya nuna a Shikago ta Amurka a 1893. Murfin yana da ƴan huji da tururi yake fita, kuma suna da amfani ƙwarai, domin tururin da ya rasa mafita shi ne yake sa gugguru ya yi laushi kamar wanda ya kwana a buɗe. Da cokali 3 na man gyaɗa da rabin kofi na tsaba, bisa gaz mai matsakaiciyar wuta, cikin minti 4 tukunyar take cika har murfin ya ɗago.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen gugguru mai sukari. Duk wadda ta taɓa gwada shi a tukunyar miya ta san yadda sukarin yake kamawa a gindi, ya zama ƙanzo baƙi mai ɗaci tun rabin tsabar ba ta fashe ba. A wannan kuwa, muddin hannu bai tsaya ba, sukarin yana narkewa ya lulluɓe kowace ƙwaya ta fito jawur tana sheƙi, sai in juye a faranti in barbaɗa ɗan gishiri tun da zafinsa.

Tana da nata aibin. Gindinta ba shi da kauri, don haka bisa gawayi mai ƙarfi tana ƙona gugguru nan take, kuma wanke sukarin da ya daskare a ƙarƙashin ƙarfen nan sai an jiƙa da ruwan zafi.

Akwai kuma laifin da na ɗora mata alhali ba nata ba ne. A tsakiyar hunturu sai na ga kusan rabin tsabar tana zama a gindi ba ta fashe ba, na koma shagon da ƙorafi. Mai shagon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Hajiya, tukunya lafiyarta lau, masararki ce ta sha iska." Gaskiya ya faɗa. Masarar gugguru iri ce ta daban da wadda muke niƙawa don tuwo, ɓawonta yana da tauri, kuma tana buƙatar ruwa kusan kashi 14 cikin 100 a cikinta. Idan zafi ya kai wajen digiri 180, ruwan nan ya riga ya zama tururin da ɓawon ba zai iya riƙewa ba, sai ƙwayar ta tsage ta juyo cikinta waje. Ni kuwa na bar tawa a ƙwarya ba rufi, busasshiyar iskar Janairu ta tsotse ta sarai. Na zuba ta a kwalba, na sa cokali ɗaya na ruwa, na rufe ina girgizawa safe da yamma har kwana 3, da na sake gwadawa sai ƴan ƙwayoyi kaɗan suka rage a gindi.

Mai yin gugguru sau ɗaya a wata, tukunya mai kauri ta maƙeran kasuwar Katako ta ishe ta. Amma mai yara irina, wadda take son na sukari kuma take girki da gaz, ba za ta yi nadamar kuɗinta ba, har na yi wa ƙanwata alkawarin aika mata ɗaya Tawa kafin azumi.