A tsiyaye fetur ko a bar shi? Ajiye injin ƙaramin jirgin rimot a hunturun Bauchi

Idan aka bar fetur a tanki, to sai da maganin hana shi lalacewa, a kuma kunna injin minti 5 don ya ratsa kafireto. In ba haka ba, fetur ɗin zai bi iska, ya bar danƙo mai toshe ƙananan ramukan mai.

Tsiyayewa ta fi tsafta: a zuƙe tankin, a kunna injin har ya mutu da kansa. Illarta ɗaya, siririyar robar cikin kafireto ƙirar kamfanin Walbro takan bushe ta ƙandare, tayar da injin ya zama aiki. Ga ajiyar da ta wuce wata uku, tsiyayewar ta fi, don robar ba ta da tsada.

Ko wanne aka zaɓa, a cire batir da fulogi, a ɗiga baƙin mai kaɗan cikin silinda, a juya farfela da hannu. A toshe salansa da bakin kafireto da tsumma saboda ƙura da zanzaro.