Micron, SanDisk ko Kioxia: a ina zan zuba kuɗina?

Kasuwar memori, wato ƙwayoyin ajiyar bayanai na waya da kwamfuta da waɗannan kamfanoni suke kerawa, tamkar kasuwar tumatir take. Idan kaya suka yi ƙaranci farashi ya tashi, kowane kamfani sai ya faɗaɗa masana'anta, bayan shekara biyu kaya su cika kasuwa, kwando ya koma arha. Na koyi wannan da aljihuna, domin na sayi hannun jari ana tsakiyar tashi a 2021, na zuba ido kuɗina suna narkewa har 2023. Tun daga nan, abin da nake fara tambaya game da kowane kamfani shi ne: idan farashin filash (memorin da ke riƙe bayanai ko an kashe na'ura, irin na katin memori) ya faɗi, me zai riƙe shi?

Shi ya sa Micron ya fi kwanta mini. Kamfanin Amurka ne, hedikwatarsa a Boise ta jihar Idaho, kuma ba filash kaɗai yake yi ba. Mafi yawan cinikinsa daga DRAM ne, wato memorin da na'ura ke amfani da shi yayin da take aiki, har da nau'insa mai sauri, HBM, da ake haɗawa da na'urorin Nvidia a cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Shi ma ya sha wuya, ya yi asarar kusan dala biliyan 5.8 a shekarar kuɗinsa ta 2023, shekarar da Sin ta hana sanya kayansa a muhimman na'urorinta. Amma cinikinsa ya tashi daga kimanin dala biliyan 15.5 a wannan shekarar zuwa sama da biliyan 37 a ta 2025. Abin da nake jin tsoro kawai, hannun jarin ya riga ya yi tsada, don haka kaɗan-kaɗan nake saye, ba na juye komai rana ɗaya.

SanDisk, wanda ya rabu da Western Digital a Fabrairun 2025, filash zalla ne. Idan kasuwa ta yi daɗi zai iya fin kowa gudu, idan ta juya ba shi da wata madafa. Kioxia ma haka, tsohon sashen Toshiba ne inda aka ƙirƙiro filash ɗin kansa, ya shiga kasuwar hannun jari ta Tokyo a Disambar 2024 a kan yen 1,455 kowane hannun jari, ga shi kuma ba kowace manhajar sayen hannun jari ce za ta kai ka Tokyo ba. Samsung kuwa, shi ma yana kera memori, amma ka saye shi ka sayi waya da talabijin da firji gaba ɗaya.

Sai maganar 'yan damfara. Wani ya taɓa saka ni a zauren WhatsApp, kullum ana turo hoton riba, wai hannun jarin masu kera memori suke saya mana. Na tura kuɗi, lambobi suna hauhawa a allon waya. Ranar da na nemi cirewa aka ce sai na biya "kuɗin haraji" tukuna. Da gari ya waye zauren ya ɓace. Daidai da katin memorin jabu ne, an rubuta 128GB a jiki, ka zuba hotunan biki su lalace.

Kafin ka tura ko sisi, duba ko dillalin yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya kowane mako, ƙarya yake yi. Idan aka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko ka kawo mutum uku kafin ka cire naka, fita. Kuma ka tabbata lambar hannun jarin ita ce ta gaskiya: MU ta Micron, SNDK ta SanDisk, duka a kasuwar Nasdaq ta Amurka.