Zauren wasa ko allon gida: ina ya fi dacewa a kalli wasan kwaikwayo mai waƙa?

Tun da aka sake buɗe gidajen wasan Broadway na birnin New York a 2021, bayan rufewar da annobar korona ta tilasta musu a watan Maris na 2020, mutane suke ta tambayata ko su sayi tikitin shiga zaure, ko su jira a naɗi wasan a saka shi a intanet.

Ta fuskar kuɗi tazarar tana da faɗi. Kujera ɗaya a Broadway takan haura dala 100, ban da kuɗin mota da masauki, alhali kuɗin wata guda na manhajar kallo bai kai rabin haka ba. Da kamfanin Disney ya saki naɗaɗɗen wasan Hamilton, wani wasan kwaikwayo mai waƙa na Broadway, a Yulin 2020, iyalai da yawa da ba su taɓa taka Amurka ba sun kalle shi daga falonsu.

Sai dai abin da zaure yake bayarwa kyamara ba ta iya kamo shi. Makaɗa suna zaune a ramin da ke gaban dandamali, amon ganga yana ratsa ƙirji, har kana jin mawaƙiya ta ja numfashi kafin ta ɗaga murya. Wannan ne ya sa zuciyata take wajen zaure, ko da yake kana iya zuwa ka tarar wani ya maye gurbin jarumin da ka zo dominsa. Naɗaɗɗen wasa kuwa yana nan yadda aka ɗauke shi, ana maimaita kallonsa shekara da shekaru.

Zaure ya dace da mai hali wanda yake son a yi abin a gabansa. Allon gida kuma ya fi amfanar ɗalibi mai nazarin rawa da waƙa, da wanda nisa ko kuɗi ya hana shi tafiya.