Manhajar YouVersion a Hannun Ɗan Mishan

Tun da aikin bishara ya kai ni da maiɗakina kudancin Chadi, inda ake sujada da Faransanci da Ngambay, kewar Maganar Allah da Hausa ta fi kewar tuwo damuna. Manhajar YouVersion, wadda cocin Life.Church ta Amurka ta fitar a 2008, ta rage mini wannan kewa ƙwarai. Kyauta ce, kuma tana ɗauke da Littafi Mai Tsarki da Hausa. Abin da na fi darajantawa shi ne tsarin karatu tare da abokai, domin kowace safiya wani tsohon abokina a Jos yakan rubuta fahimtarsa game da nassin ranar, ni kuwa sai dare, idan sabis ya dawo, nake ba shi amsa.