Gargaɗi ga masu haɗa sautin ƙara a Kano: a kula da mai sayar da fedal a Instagram

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu wasa da fedal (ƙaramar na'urar canza sauti da ake takawa da ƙafa) da miksa (na'urar haɗa sautuka), mu da ba mu da yawa a garin nan, ku saurare ni. Akwai wani mutum da ke tallan fedal na hannu a Instagram da WhatsApp, yana cewa kayan Japan ne, an yi musu "gyara na musamman" don masu kiɗan ƙara. Ƙarya yake yi. Ni ya damfare ni, kuma bayan na yi magana wasu mutum biyu da ke aiki a situdiyo a Zoo Road suka ce su ma ya taɓa su.

Dabararsa ta fi ƙarfin wanda bai san harkar ba. Ya san abin da muke nema shi ne kuka da gurnani, irin wanda ake samu idan ka mayar da sautin miksa cikin kanta, kamar yadda Toshimaru Nakamura na Japan ya yi suna da shi. To sai ya turo maka bidiyo, fedal tana ta ihu a sifika, ya ce ka ji aiki. Ai lalatacciyar fedal ma tana ihu! Bambancin shi ne mai lafiya tana jin maganar hannunka: ka murɗa, sautin ya canza. A bidiyonsa ba ka taɓa ganin yatsa ya taɓa komai.

Na tura kafin alƙalami a kan fedal biyu na kamfanin Boss, DS-1 mai sa sauti gurnani da DD-3 mai amsa-kuwwa, na cika sauran da ɗan aike ya kawo min a Ƙofar Nassarawa. DS-1 ɗin gangar jikinta daidai, ruwan lemo, mamurɗai uku. Na jona, na murɗa Tone har ƙarshe, babu abin da ya motsa. Na taka don in kashe, ƙarar na nan. Da na kira mai sayarwar sai ya ce, "Malam, ai haka kiɗanku yake." Wannan maganar ta fi kuɗin yi min ciwo, wallahi. Mai gyara a Sabon Gari ya buɗe, ya nuna min fanel ɗin cikinta a ƙone, an liƙe wayoyi da gam. Ya ce an taɓa ba ta wutar da ba tata ba. Fedal ɗin Boss balt 9 take ci, kuma tsakiyar bakin adaftarta nagatif ne. Adaftar gida da aka ɗauko barkatai na iya kashe ta.

Kafin ku biya ko sisi, ku gwada da hannunku. Ku shigar da sauti mai tsabta, ko muryarku ce ta makirfo, ku ji ya fita yadda ya shiga idan fedal na kashe. A kan DD-3 ku tafa sau ɗaya, ku murɗa D.Time, tazarar amsa-kuwwar dole ta canza. Ku rage sifika tukuna, don fidbak, wato ihun da sauti ke yi idan ya koma cikin kansa, na iya fasa ta, ya kuma taɓa kunne.

Yanzu mai sayarwar ya toshe ni, ya kuma sauya sunan shafin, amma hotunan su ne dai, fedal a kan jar darduma. Na ajiye rasidin tura kuɗi da hirarmu, zan kai wa 'yan sanda ranar Litinin. Duk wanda abin ya shafa ya yi min magana mu tafi tare.